Ƙaryar Yaya Ishaya a Gidan Bidiyo

Shekara takwas ke nan da muka sa Yaya Ishaya a ƙasa a Manchok, a bayan gonar cittar babanmu. Ni ƙanensa ne, Bitrus, mai gyaran janareto a Kafanchan. A aji huɗu na tsaya, saboda haka wanda ke neman Hausa mai daɗi ya juya shafi. Akwai abin da ban gaya wa Yaya ba har ya mutu, shi ya sa na ɗauki biro.

Tsofaffin unguwar tashar jirgin ƙasa za su tuna shi. Yana da gidan bidiyo, ɗaki ɗaya, benci shida, an toshe taga da buhu. Ni ke kula da injin wuta, shi kuma yana tsaye gefen talabijin da 'yar sanda a hannu, yana juya wa mutane Turanci zuwa Hausa. Rabin masu shiga ba fim suke zuwa kallo ba, bakin Yaya suke zuwa ji.

Wani direban jirgi ya kawo masa kaset daga Fatakwal, sunan da ke jiki duk ya goge. Mun ɗauka faɗa ne. Da aka sa, sai ga wani Bature direban bas da matarsa da 'ya'ya biyu, talakawa kamarmu, suna rigima a kan wanda zai wanke kwano. Sai haske ya cika gari, an jefa bam ɗin nukiliya. Daga nan ba jarumi, ba mai ceto. Toka tana sauka, ruwa ya zama guba, gashin yarinya yana biyo matsefi. Suka shige ɗakin ƙasa suka kulle, uwar tana raba gwangwanin wake ɗaya gida huɗu. Wata mata a bencin baya ta ce, "Ishaya, wannan fim ne ko hukunci?"

Akwai wurin da maƙwabcinsu ya zo yana buga ƙofa, fuskarsa duk ƙuna. Uban gidan ya jingina da ƙofar, ya faɗi wata magana a hankali, bai buɗe ba. Ba a sake nuna maƙwabcin ba. Nan ne Yaya yake ƙarya. Kullum sai ya ɗaga sanda ya ce, "Ya ce masa, zagaya ta baya, ɗan'uwa, matata ta buɗe maka."

Ba na jin Turanci sosai, amma ina da ido. Wata rana na leƙo daga wurin injin na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan bai buɗe komai ba."

Ya ce, "Kai, mai baƙin mai, kai ka gina gidan? Ka ga bayansa?"

Mutane suka kwashe da dariya. Da aka watse na sake tayar da maganar. Ya ce, "Bitrus, Bature ya yi fim ɗinsa a garinsu. A ɗakina ba za a koya wa mutane rufe ƙofa ba." Na ce masa in abin ya zo, kowa kansa zai sani, shi ma haka. Na faɗa da ƙarfi, don a lokacin ina jin ni ne mai gaskiya.

Mun yi ta jiran bam daga sama. Bai zo ba. Abin da ya zo daga cikinmu ya fito. Ranar da garin nan ya rikice, ba sai na ba mutanen Kafanchan labari ba, kuma ba zan ce wane ne ya fara ba, na gaji da wannan. Da rana tsaka ina ɗaki da matata da 'yata Talatu, na sa sakata, na tura gado jikin ƙofa. Sai na ji bugu.

"Baban Talatu! Baban Talatu, ni ne Buba!"

Malam Buba Bafulatani ne, rugarsu tana hanyar garinmu. Shanunsa sun sha kwana a gonar babanmu bayan girbi, matarsa ke kawo mana nono. Ya shigo kasuwa, hanya ta rufe masa, samari suna bi layi-layi suna neman irinsa. Sau uku ya kira ni. Na sa hannu na toshe bakin Talatu. Na jingina da ƙofa kamar Baturen nan, ina jin numfashin Buba ta jikin katako, har ya tafi.

Gidan da Yaya ke haya yana ƙarshen layi. Shi ya buɗe. Ya saka Buba a gidan bidiyo, ƙarƙashin benci, ya rufe shi da buhunan taga, ya zauna a bakin ƙofa da sandarsa kwana biyu. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ba kowa ciki sai kaset. Ƙarya ce wannan ma.

Daga baya Yaya ya ce mini, "Allah ya taimaka ya zo wurina kai tsaye." Ashe Buba bai faɗa masa ya fara zuwa ƙofata ba. Ni ma na yi shiru. Shekara uku muna cin tuwo kwano ɗaya ina shiru, har ciwon hanta ya kwantar da shi. Ranar jana'iza Buba ya tsaya a wajen coci har aka gama, ya bi mu Manchok, ya karɓi shebur ya zuba ƙasa.

Ina tunanin me Yaya zai ce da ya ga yau. Rediyo ya ce manyan ƙasashen duniya sun sasanta, ba a maganar bam kamar da. Finafinai sun fara fitowa da Hausa, ba mai neman mai fassara. Ɗakin nasa ya zama shagon aski. Amma mutane suna ta kwashe kaya, kowa yana komawa unguwar 'yan addininsa, mai neman haya ana fara tambayar sunansa. Na san zai ce, "To wa zai buga ƙofar wa?" Wataƙila kuma ya samo wata ƙaryar da zai rufa mana asiri da ita.

Kaset ɗin yana wurina. Bara na sa shi ni kaɗai, ba mai fassara. Da aka zo wurin ƙofar na kashe, ban iya wucewa ba.

Yaya bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar Buba yana numfashi, da jikoki. Duk shekara a wannan watan Buba yana kawo wa Saratu, matar Yaya, ƙwaryar nono da man shanu. Dole ya bi ta gaban gidana. Yana tsayawa a bakin hanya ya ce, "Baban Talatu, ina gajiya? Ina iyali?" Fuska a sake, ba ya nuna komai. Amma tun ranar nan hannunsa bai sake taɓa ƙofata ba.

Na rubuta wannan ina tsammanin zan ji sauƙi. Sai yanzu na tuna Buba ba ya karanta jarida, Yaya kuma ba zai karanta ba. Ranar kasuwa Buba zai zo. Sai dai na fita bakin hanya na faɗa masa da bakina cewa na ji shi, duka sau ukun.