Shekarar da Mai Famfo Ya Hana Ƙanwarsa Shuka

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana kula da injin ruwan gari, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Famfo. Wurin aikinsa ɗakin kwano ne guda a bayan gari: inji a tsakiya, benci a gefe, sifana da gwangwanin giris a kan taga, sai wata bishiyar ƙaya a bakin ƙofa.

Aikin inji yawancinsa jira ne. A wannan zaman ya saba da tsuntsayen bishiyar, 'yan ƙanana masu ruwan toka da jan baki. Ya lura ba ruwansu da lissafin wata. In aka yi ruwan kirki, cikin kwana kaɗan za ka gan su da tsinke a baki, kafin ciyawa ta bushe sun ƙyanƙyashe, wani lokaci har sau biyu a jere. In shekara ta zo da fari sai su haƙura da ƙwai ɗungum, rabinsu su yi ƙaura.

Matarsa takan ce, "Malam, da ka riƙe ranar haihuwar 'ya'yanka yadda ka riƙe ta tsuntsaye, da mun huta da tambayar maƙwabta."

Aka yi fari shekara biyu a jere. A ciki mijin ƙanwarsa ya rasu, ya bar mata gona da yara huɗu da rabin buhun iri, wanda ta hana kanta da yaran taɓawa duk tsananin yunwa. A shekara ta uku aka sheƙa ruwa da wuri, gari ya fita da fartanya. Bayan kwana uku ƙanwar ta biyo ta ɗakin injin da irin a ka, za ta gona.

"Sauke ki sha ruwa," in ji shi. Da ta sauke ya ce, "Kada ki shuka tukuna."

"Yaya, ƙasa ta jiƙe har gwiwar hannu."

"Dubi bishiyar nan. Ko tsinke ɗaya ba su ɗauka ba."

"Yanzu tsuntsu ne zai faɗa mini ranar shuka?"

"Ban ce sun san gaibu ba. Amma ban taɓa ganin sun yi sanyin jiki haka bayan ruwa ba. Ba ni kwana goma."

Ta tafi ranta a ɓace, amma ta bar buhun a ƙarƙashin benci.

Bai taɓa ganin kwanaki masu nauyin waɗannan ba. Gonakin mutane suka yi kore shar, tata tana nan fayau. In ya gaishe ta sai ta amsa a taƙaice. Abinci ya daina yi masa daɗi, don ya san in ya yi kuskure, bakin marayu ya cire wa lomar. Kwana goma suka zama ashirin da uku, sama ba ko gajimare, tsiron mutane ya ƙone ƙurmus.

Sannan ruwa ya dawo, kwana uku yana zuba. Da safe ya tarar da bishiyar ta kaure da hayaniya, kowane tsuntsu da ciyawa a baki. Ya ɗora buhun a keke ya nufi gidan ƙanwar, ya manta ko ƙofar bai rufe ba.

Tana ganinsa ta ce, "Sun ɗauka?"

"Sun ɗauka."

Ta shiga ɗaki ta fito da fartanya, tana goge ido da bakin zane.

Amfanin bai cika rumbu ba, amma ya kai su wata damina, har ta sam wa maƙwabtan da irinsu ya ƙone. Daga nan mutane suka riƙa zuwa tambayarsa, shi kuwa ya ƙi zama boka. Yakan ce akwai shekarar da tsuntsayen suka yi sheƙa ruwa ya ɗauke, ƙwai suka lalace a idonsa. "Su ma suna faɗuwa. A shekarar da na hana ƙanwata shuka, Allah ne ya dube mu."

Yanzu ya bar aiki, gwiwa ta zaunar da shi a gida. Yaran nan huɗu duk sun girma. Babbar cikinsu ce ke zuwa duk mako ta shafa masa magani, in ya ce ya gode ta ce, "Kawu, miƙo ɗaya ƙafar."