Asabar ɗin da za mu rufe ɗakin sujada

Dattijon ikilisiyarmu ya kwashe mini 'yan gayya ranar da za mu ɗora rufin ɗakin sujada, ya kai su gonarsa. Abin da ya yi mini ke nan, kuma har yau ban huce ba.

Mu Kirista ba mu da yawa a ƙauyenmu na hanyar Basirka. Shekara da shekaru a gindin ɗorawa muke sujada. Da aka ce a yi gini, ni aka ɗora wa aikin, don na taɓa bin magina a Gwaram. Rani guda muka yi muna kwaɓa ƙasa, mata na jido ruwa suna waƙa, maza na taka laka. Mutanen da ko gaisawa ba sa yi, na gan su suna miƙa wa juna tubali. Ban taɓa jin daɗin zama cikin 'yan'uwa kamar lokacin ba.

Bango ya kai, kwano ya iso daga Birnin Kudu, aka sa Asabar. Ranar Juma'a sai ruwan shuka ya sauka. Dattijo ya aika gida gida, wai a taya shi shuka, laima ba ta jira. Wa zai ce masa a'a? Rabin ikilisiyar surukansa ne.

Ranar Asabar na zo wurin ginin da safe, ba kowa sai kafinta, wani Musulmi daga Gwaram, zaune a kan babur. Ya jira har azahar, ya ce, "Malam, ni da kai ba za mu ɗaga katakon nan ba. Sai wani satin, in Allah ya kai mu."

Bangon ƙasa, ba rufi, damina ta kama. Na kwance zanar gidana na lulluɓe kan bangon. Matata ta ce, "To, mu kuma a fili za mu yi wanka?" Ko tuwo nake ci, idona na gabas. Iska ta ɗan kaɗa, sai in ruga in duba bangon. Kusurwar da ta sha ruwan Juma'a ta riga ta tsage, yatsana na shiga.

Ranar Lahadi muka taru a gindin ɗorawa, ginin na bayanmu. Dattijo ya tashi addu'a, ya roƙi Ubangiji ya buɗe sama ya ba mu ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya ce amin. Ni bakina ya ƙi.

Ana tashi na tare shi, mutane na kallo. Na ce, "Baba, na ji addu'arka, ban ce amin ba. Ruwan da kake roƙa wa geronka, a kan bangon nan zai sauka. In ya faɗi, kada ka tsaya gaban jama'a ka ce nufin Allah ne. Ni da kai mun san inda mutane suka yini jiya."