Masoron Malam Garba

Malam Garba ya tsufa yana sayar da kayan ƙamshi a kasuwar Tarauni: masoro, kanumfari, citta, kimba. Tun rasuwar matarsa Talatu, rediyo ce abokiyar hirarsa.

Rumfar da ke kallon tasa ta Gambo ce, shi ma sana'arsu ɗaya. Shekara da shekaru ba sa ga-maciji, tun ranar da Gambo ya janye masa wata Hajiya mai sayen kayan yajin jego. Ko gaisuwa babu, sai harara.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Gambo. Rumfarsa ta rufe, masu saye suka dawo wajen Garba kaf.

Wata ranar Laraba ya ji malamin tarihi a rediyo yana cewa Turawan Fotugal sun taɓa zuwa gaɓar Indiya da jiragen ruwa da manyan bindigogi, suna ƙona jiragen fataken Larabawa, don cinikin masoro ya zama nasu su kaɗai. Garba ya dubi masoron da ke cikin mudunsa ya yi dariya. Ya ɗaga kai ya ga wa zai ba labarin, sai ƙofar rumfar Gambo ta langa-langa da kwaɗo. Duk kasuwar mutum ɗaya ne zai gane abin dariyar.

Ya yi kwanaki yana jan ƙafa. Ran nan bayan la'asar ya ƙulla masoro da citta, ya hau adaidaita sahu zuwa gidan Gambo a Gyaɗi-Gyaɗi.

Binta, 'yar Gambo, ta shigar da shi zaure.

"Baba, ka yi sa'a. Gobe za mu mai da shi ƙauye."

Gambo na kwance a tabarma, bakinsa ya karkace. Garba ya zauna, ya kwance ƙullin a gabansa, bai ko tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Kai, ashe Turawa har yaƙi suka yi a kan masoro! Mu da muka tsaya a harara ai mun yi hankali."

Gambo ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗau ƙwaya ɗaya, ya murza, ya sunsuna. Da ƙyar maganar ta fito.

"Rabinsa... 'ya'yan gwanda ne."

"Ƙarya kake, tsohon banza!"

Suka yi ta dariya har Gambo ya ƙware, Binta ta kawo ruwa.

Da aka kira magariba Garba ya miƙe. Bai tambayi sunan ƙauyen ba, don ya san ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Ya taka a hankali zuwa bakin titi.