Sigarin Lantarkin da Ya Zauna a Hulata

Na fara shan taba ina saurayi, a cikin kwalekwale, ban kuma taɓa tunanin bari ba sai shekarar da tari ya fara fito mini da jini. Likita a Haɗeja ya saurari ƙirjina ya daɗe, sannan ya ce in na ci gaba da sha, ba shi da abin da zai yi mini. Na gwada goro, na gwada alewa, na gwada rantsuwa. Duk na koma.

Ƙanena mai aikin gini a Kano ne ya kawo mini sigarin lantarki, ɗan siriri kamar biro. Ana yi masa caji kamar waya, a zuba masa wani ruwa, in an zuƙa ya ba da tururi maimakon hayaƙi. Ya ce irin na masu farawa ne. Da na nuna wa likita bai yaba ba. Ya ce shi ma ba abin arziki ba ne, amma in zai raba ni da karan taba, in riƙe shi kafin shi ma in rabu da shi. Ya kuwa raba ni, tun daga girbin alkama har ruwa ya cika fadama, duk da cajinsa ba ya kai ni la'asar. Jinin ya tsaya.

Ni masunci ne. Muna kafa gurar kama kifi a cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Ruwa iya ƙirji, hannu biyu suna aiki, aljihu a nutse. Kai kaɗai ne ba ya jiƙewa a jikin masunci, shi ya sa taba da ashana a cikin hula muke sa su. Nan na riƙa sa na lantarkin. Wata safiya kacala ta ture mini hula, na lalubo shi daga cikin laka. Taba in ta jiƙe, a kan ragar banda muke shanya ta, gefen kifin da ake ƙyafewa. Haka na yi masa. Kafin in juya kifi ya kumbura, ya tsage, yana wani irin wari, sai da matata ta sa sanda ta ture shi ƙasa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Abinci ba ɗanɗano, duk wanda ya kunna taba a bakin ruwa sai in ga ƙafata tana bin hayaƙinsa. Akwai kwandon banda da muka ajiye don sayen gero. Matata ce ta ɗauko shi ta dire a gabana.

"Malam, kai shi kasuwa ka sayo wani. Ni na wanke tsumman jinin nan, ba zan sake wanke shi ba."

Na hau babur zuwa Haɗeja, na sayar da kifin, na yi ta tambaya har aka nuna mini shagon wani mai kayan waya. Da na faɗi abin da nake nema ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Baba, kai ma gayu za ka shiga? Wannan ai kayan samari ne."

"Ɗana, gayu da ƙarnin kifi? Numfashi nake nema."

Ya daina dariya, ya jera mini kala-kala a kan gilashi. Ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa ya koya mini karanta Hausa, amma rubutun kwalayen Turanci ne, don haka bakinsa na bi. Akwai mai araha, mai ƙyalli, amma in ruwansa ya ƙare sai jefarwa, mu kuma ƙauyenmu ba mai sayarwa. Ranar da ya ƙare mini a tsakiyar fadama, na san taba zan koma wa. Akwai wani babba mai fuska kamar waya, wanda cajinsa yake daɗewa, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin kwandona. Mai shago ya ce zai rage mini, in kawo cikon daga baya. Raina ya biya. Na cire hula na sa shi a ciki na mayar, na sunkuya kamar mai ɗaga gura. Hular ta zame, da kyar na tare shi.

"Baba, me kake yi haka? Ruku'u a shagona?"

"Awo nake yi."

Sai ya ciro wani gajere, baƙi, mai jikin roba, marar ado. Ana ƙara masa ruwa, ana canza masa lagwani in ya ƙone, cajinsa yana kai yini. Na sa shi a hula, na sunkuya, na girgiza kai, na waiwaya dama da hagu. Bai motsa ba. Na biya, abin da ya rage mini kuɗin babur ne kawai.

Na miƙa hannu zan zuƙa, ya janye.

"Ba yanzu ba. Ba caji a cikinsa, kuma sai lagwanin ya sha ruwa, in ba haka ba ƙonewa zai yi. Zauna."

Ya zuba masa ruwa ya sa shi a caji, wata 'yar fitila ja ta kama a jikinsa. Na zauna a benci. A ƙofar shagon akwai mai tebur, ga kwalayen taba a jere, har da irin wadda na sha rabin rayuwata. Wani ɗan acaɓa ya tsaya ya sayi kara ɗaya ya kunna, iska ta kawo mini. Bakina ya cika da yawu. Na ji hannuna ya shiga aljihu da kansa. Na miƙe, na zube kuɗin babur a gaban mai shago.

"Riƙe mini. Ko na roƙe ka, kada ka ba ni."

Na kuwa roƙe shi. Ni da furfurata, na ce masa kara ɗaya tak, na haɗa shi da darajar iyayensa. Ya sa kuɗin a aljihun gabansa ya ci gaba da gyaran wayar wani.

"Kai ka ce, Baba. Fitilar tana ja, jira ta koma kore."

Na koma benci na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya, ina kallon 'yar fitilar, gumi yana bin wuyana. Da ta koma kore ya miƙo mini. Zuƙar farko ta sa ni tari har da hawaye. Na tofa a tafin hannuna na duba. Ba jini.

Geron bana rabi muka saya, kuma har yau ban rabu da abin ba kamar yadda likita yake so. Amma ban koma wa taba ba. Matata ta ɗinka wa hular igiya, ina ɗaure ta a haɓa kafin in shiga ruwa.