Asi da dabu a gaban mai gari

Mun tashi da asuba daga Konni, ni da wani abokin aikina na koyarwa, a bayan akori-kurar 'yan albasa. Ba yawo ya fidda ni ba. Ƙanena ne, sabon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Tajaye, ya aiko cewa iyaye sun rantse za su kwashe ɗiyansu. In aji ya watse aikinshi ya tafi, ga shi bai ko shekara ba.

Jandarma sun tsai da mu kafin Malbaza, sunka juya katin kowa kamar masu neman ƙwarƙwata. A tasha munka sha kunu da ƙosai, ƙosan kuwa tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi ya koma kamar ƙwallon magarya. Daga nan munka bar kwalta, hanya ta zama rairayi da kwazazzabai.

Da hantsi munka isa. Ƙanena ya rame. Ya ce da wasa yake koya musu Faransanci: in ya ce "asi" su zauna, "dabu" su miƙe, su taɓa kai, su taɓa hanci, kalma na shiga ta jiki. To a lakwal an saba, babba in ya shigo a miƙe mishi. Ranar kasuwa mai gari ya ratsa ta gindin gawon da ke bakin lakwal, yara sunka zabura sunka tsaya ƙiƙam suna kallon idonshi. A garin da yaro ke zubewa ƙasa in ya hangi babba! Na ce mishi kai ma dai, kamar ba a gidanmu aka haife ka ba.

Bayan azahar mai gari ya zo da dattawa su gani da idonsu. Runfar kara ce ajin. Anka fara wasa, dattawa na daga waje, ba mai murmushi. Sai mai gari ya sunkuyo ya shigo. Yara sunka yi cirko-cirko, rabi a tsaye rabi a zaune, duk sun zuba wa ƙanena ido. Wallahi na ji tsoro.

Ƙanena ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa da wandonshi na ma'aikata, ya ce, "Bonjur, ranka shi daɗe." Yara sunka zube gaba ɗaya sunka maimaita.

Mai gari ya dubi yaran da ke durƙushe. Can ya tambayi me kalmar take nufi, anka ce ina kwana ce.

"Da azahar?" in ji shi. "To, gobe su zo da safe su faɗe ta daidai."

Mun kwana Illela, washegari munka iso Konni jiki duk ciwo. Abin da na riƙe a tafiyar ga shi ne, yaro na iya ɗaukar bakin kowa, amma gwiwarshi ta gidansu ce. Ni da na shekara goma ina koyarwa ina tsai da ɗiyan mutane ƙiƙam gaban manya, ranar Litinin da takalmina a hannu na shiga aji.