Ranar da Na Shafa wa Tef ɗin Inna Jan Biro

Shekara shida ke nan da rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta, kuma sai yau za ni tona wa kaina asiri a jarida: ni na ɓata mata tef ɗin awon damtse.

Likita ce a asibitin garin Isa. A shekarar farin nan da gero ya kai gwiwa ya ce ya gaji, mata suka yi ta zuwa daga Tozai da Kamarawa da yara masu tamowa. Tef take naɗa wa yaro a damtse. In awo ya faɗa kan kore, lafiya lau; in ja ne, ta zauna kansa ke nan. Mu 'ya'yanta huɗu kore ne shar, saboda haka bayanta kawai muke gani. Har na fara zaton gyalenta ne ya haife ni.

Sai na shiga yajin cin tuwo mai tsanani, na kusan awa biyu. Da na ga ban rame ba, na sa jan biro na shafe koren, na miƙa mata hannu ina nishi.

Ta dubi tef, ta dubi kumatuna. "Bello, wanga ciwo naka sai allura bakwai."

"Inna, na warke!"

Ta yi dariya har ta zauna ƙasa, ta daɗe ba ta tashi ba. "To, mi kake so?"

"Juma'a. Ki riƙa wuni gida da ni."

Ta ba ni. Sau uku ta cika alkawarin.

Yanzu likitoci mata uku ne a asibitin. Suna karɓa-karɓa, kowacce da ranar da ko waya ba ta ɗauka. Mai goyo tana da ɗakin shayarwa, kuma duk wata sukan haɗu su ci tuwo su amayar da ƙorafi. Nakan so in san me Inna za ta ce. Lalaci za ta kira shi? Ko kwanciya za ta yi, ta saki minsharin da za a ji har Sabon Birni? Ita da ke gane yunwa a damtsen yaro da kallo ɗaya, wa ya taɓa auna tata gajiyar?

Juma'a ta huɗu bayan alkawarin nan namu aka zo da babur aka tafi da ita ƙauyen Burkusuma duba mara lafiya. Hawan jini ya kayar da ita a hanyar dawowa, bayan la'asar, ba ta sake tashi ba. A jakarta muka sami takardar neman hutu, ta cike ta tsaf, ba ta miƙa ba. Tef ɗin nan mai jan biro yana naɗe a cikinta.