Malam Modu da Sojan da Ya Kasa Isa Gida

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar ɗan baffana, Malam Modu, wanda ya koyar a elementare ta Nguru. Abin da ya tayar mini da tunaninsa shi ne gayyatar da wata kwalejin horon malamai ta yi mini kwanan baya, wai in yi jawabi ga ɗalibai masu koyon aikin ba da shawara. Na je, na ga ɗaki fes, da tebur da kujeru, har da takardar shaida ga wanda ya kammala. Na ce ikon Allah, ashe abin da Yaya Malam ke yi a gindin darbejiya ya zama sana'a.

Bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, jirgin ƙasa ya riƙa sauke sojojin da aka sallama a Nguru, tunda a nan dogo ya ƙare. Yawancinsu sun wuce garuruwansu. Wasu kuwa jikinsu ya dawo lafiya, amma hankalinsu yana can dajin da suka baro. Malam ya ga shi kaɗai ba zai iya da su ba, sai ya tara mu, ƙananan malamai da wasu ma'aikatan tasha, yana koya mana bayan la'asar yadda ake zama da mai damuwa.

Mutum ne mai tsanani, ba na ɓoyewa. Dokarsa ta farko ita ce kada ka ce wa mutum ya yi haƙuri sai ya gama maganarsa. Ya ce mutanen ƙasar nan da haƙuri muke toshe wa juna baki, mai kuka ya haɗiye rabin abin da ya zo da shi ya koma gida da nauyinsa. Yakan zaunar da mu biyu-biyu, ɗaya ya kawo kuka, ɗaya ya saurara. Wanda bakinsa ya suɓuce, sai ya tashi ya ɗebo wa bishiyar ruwa. Darbejiyar nan ta sha ruwa, wallahi.

Garba shi ne mutum na farko da Malam ya danƙa mini. Masunci ne ɗan Gashua, ya sauka daga jirgi ya maƙale a tasha, yana dako yana kwana a rumfar gyaɗa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, bai je gida ba. In 'yan'uwansa sun zo nemansa sai ya ɓuya. Ya rame ya lalace, kowa na ganin in ba a yi wani abu ba a tashar nan za a ɗauki gawarsa.

Malam ya ce kada in zauna ina fuskantarsa, kada kuma in je hannu sake. Sai na riƙa zuwa da basilla ina taya shi ɗinkin buhu, kafaɗa da kafaɗa. Mun yi watanni a haka, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na kai ƙorafi cewa lokacina nake ɓatawa. Malam ya ce in ci gaba da ɓatawa.

Ran da Garba ya buɗe baki, ko ɗaga kai bai yi daga buhun ba. Tare suka shiga soja da maƙwabcinsa Sale, kuma uwar Sale, Inna Zara, ta damƙa masa amanar ɗanta a bakin kogi. Zazzaɓi ya kashe Sale a daji. Garba ya haƙa rami da hannunsa, ya naɗe shi a bargo ya rufe, ba likkafani, ba jama'a. Hukuma ta aiko da labarin mutuwar, amma yadda aka yi shi kaɗai ya sani. Ya ce da wane ido zai dubi tsohuwar nan?

Da ya yarda zai je, na ɗauka Malam ne zai raka shi. Ya ce ni na fara, ni zan ƙarasa. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Muka hau motar gyaɗa muka sauka Gashua, muka tarar da Inna Zara a tsakar gida tana shanya barkono. Garba ya durƙusa ya faɗa mata komai. Ta ci gaba da baza barkononta. Kalmar haƙurin nan ta zo mini har leɓe, na danne ta.

Can ta ce, "Wa ya yi masa salla?"

"Ni kaɗai, Inna."

"To ai bai mutu a hannun baƙi ba. Tashi ka je gidanku, ita ma uwarka jira take."

Na koma Nguru cike da labari. Malam ya katse ni, ya tambaya ko Garba ya isa gida. Na ce ya isa. Ya ce sauran nasu ne, ba nawa ba, ba nasa ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai da Garba ya tsufa, ya ce da bakinsa in ba masu koyo labarin ko zai amfane su.

Da Yaya Malam zai ga ɗaliban yau, na san zai yi murna, domin kullum kukansa shi ne masu damuwa sun fi masu sauraro yawa. Sun san abubuwa game da ciwon zuciya waɗanda mu lalube muke yi. Amma da ya yi faɗa kan tebur ɗin nan da ke tsakanin mutum da mutum, da kuma yadda ake zama a ofis ana jiran mai damuwa ya kawo kansa. Irin su Garba ba sa ƙwanƙwasa ƙofa. Haka na gaya wa yaran, wasu suka rubuta, wasu suka yi ta kallona.

Malam bai bar gida na kirki ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba, mu da ya horar kuma saura ƙalilan. Ina kewarsa har yau, har da faɗan nasa. Amma a Gashua akwai wani gida a bakin kogi, cike da jikokin mutumin da ya kusa mutuwa a rumfar gyaɗa. Na ci tuwon shinkafa a gidan bara. Na tambayi yaran ko sun taɓa jin sunan Malam Modu, suka ce a'a.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.